Irin da Kaka ta rataye saman murhu

Duk lokacin da napep ya tsaya a bakin layinmu a Funtua, 'yata Saratu takan saki abin da ke hannunta ta ruga ƙofar gida. Uwarta take jira. Ni na jawo mata, domin ranar da muka binne matata Rifkatu na ce mata, "Mama ta yi tafiya." Ƙarya na yi mata, kuma na san ciwon irin wannan ƙaryar, don an taɓa yi mini ita.

Ina ƙarami a ƙauyenmu, can bayan Dayi, mahaifina ya kwanta ciwo bayan girbi, bai tashi ba. Ranar jana'iza aka kai ni gidan maƙwabta. Da na dawo, kowa ya ce Baba ya kai auduga Funtua. Ba a jima ba mahaifiyata ta koma gidansu da jaririn da take goyo, aka bar ni wurin Kaka Laraba, uwar Baba. Gida babba, mu biyu kawai. Kowace yamma nakan zauna bakin hanya ina leƙen fuskokin masu saukowa daga mota.

Bayan mun ci tuwo, Kaka takan ƙara karan dawa a wuta, ta miƙe ƙafafu. A saman murhun akwai zangarniyoyin dawa a rataye, hayaƙi ya mai da su baƙi. Su ne irin shuka. Da kanta take zaɓen manyan lokacin girbi, ta bar hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Ko rumbu ya ƙare, ba mai taɓa su.

Wata rana na dawo daga bakin hanya na ƙi cin abinci. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Matso nan, maigidana. Miji ba ya fushi da tuwon matarsa. Ga tatsuniya ta iso, mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

Ta ce an yi wata yarinya mai son irin da ke rataye a ɗakin girkinsu, har hira take yi da shi. Da ruwan farko ya sauka, ubanta ya sauke shi ya sussuke, ya ɗauki sungumi yana sara ramuka, ya ce ta biyo bayansa tana zubawa tana rufewa da dunduniya. Ta yi yadda ya ce, tana kuka. A ranta tana cewa, abin da muka hana kanmu ci, shi za mu zubar a ƙasa mu taka? Washegari ta koma gona a ɓoye ta dinga tonewa, wai ta cece su daga duhu. Duk wanda ta tone, zabi suka bi suka tsince. Da ta gaji ta zauna, sai kurciya ta ce mata, "Yarinya, ubanki ba yar da su ya yi ba, ajiya ya ba ƙasa." Ramukan da ba ta kai gare su ba, su ne suka tsiro, har dawar ta fi ubanta tsawo.

Kaka ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Ta tura kara cikin wuta. Na ce, "Kaka, yaushe Baba zai dawo daga Funtua?"

Ta ce, "Iliya, ubanka bai je Funtua ba. Ya mutu. Mun sa shi a ƙasa bayan majami'a, kusa da kakanka."

"Kamar iri?"

"Kamar iri. Jikinsa ne a can. Shi kansa yana wurin Yesu, ba ciwo, ba tari."

"To, zai tsiro da damina?"

"Ba wannan daminar ba. Sai ranar da Yesu ya kira shi. Shi ma an rufe shi a kabari ya tashi, ya san hanya." Ta ja kunnena a hankali. "Kuma kada in ji ka je tono, ɗan nema."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta ce, "Yi abinka. Ni ma ɗana ne, kullum sai na yi nawa in ka yi barci. Ubangiji ba ya fushi da mai kuka." Daga ranar ban sake zama bakin hanya ba.

Ba ni da ilmi mai zurfi, leburanci nake yi a kamfanin gurzar auduga. Amma na san wannan tun ina yaro, kuma da abin ya zo kaina sai na kasa. Na ce wai tausayin Saratu nake ji. Gaskiya kaina na tausaya wa. In na furta mata kalmar, to, ni ma na yarda Rifkatu ba za ta shigo ba. Sai na bar yarinya ƙarama tana yi mini gadin ƙofa. Allah ya gafarta mini.

Ranar Lahadin da ta wuce, da muka dawo daga sujada, na ɗebo ƙwayoyin dawa da tsohon gwangwani cike da ƙasa. Ba mu da murhun kara, a gefen risho muka zauna. Na ba ta tatsuniyar, ban iya muryar kurciya kamar Kaka ba. Sannan na faɗa mata gaskiya, da kalmar da na yi ta gudu.

Ta ce, "Baba, ashe ƙarya ka yi mini?"

Na ce, "Na yi, uwata. Ki yafe mini."

Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta zuba irin a gwangwanin, ta cire takalmi ta danna da 'yar dunduniyarta.

Jiya da yamma napep ya tsaya a bakin layi. Saratu tana tsugune tana ba gwangwaninta ruwa, ba ta ko ɗago kai ba. Ni ne na waiwaya na kalli ƙofa.