Kwafin da Baba Ya Kai Shagon Mai Kayan Keke

Kwanakin baya kwamfutar jikata ta mutu, ta tafi da adireshin imel na duk mutanen da take hulɗa da su. Ta shigo mini ido jajur. Mai gyara ya tambaye ta ko ta taɓa ajiye kwafi a wani wuri, aka ci sa'a ta ajiye, kafin la'asar komai ya dawo. Ita tana ta murna, ni kuwa hankalina ya koma Funtuwa, wajen wata tsohuwa 'yar Maska da na kusa raba ta da ɗanta.

Mahaifina sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa. Yana da tebur da benci a gindin darbejiya kusa da gidan waya, da tafireta baƙa wadda yake ji da ita fiye da yadda yake ji da mu, ko aƙalla haka nake cewa in raina ya ɓaci. Ba a cin komai kusa da ita. Ranar da ya kama ni ina gurgurar ƙuli-ƙuli a kanta, kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba. Kowace Asabar sai ya goge haƙoranta da tsohon buroshi, ya tsoma gashin kaza a man keken ɗinki ya bi gaɓoɓinta, saboda lokacin kaka burbushin auduga har cikin hanci yake shiga, balle inji. In ya gama sai ya lulluɓe ta da rigar da Inna ta ɗinka mata da ragowar atamfa. A kanta na koyi bugu, har na samu aiki a ofishin wata makaranta.

Amma jarinsa na gaskiya wani littafi ne mai jan bango. Mutanen karkara ba sa riƙe adireshi. Mutum zai zo daga Danja ko wajen Malumfashi ya zauna ya ce, "Malam, a rubuta wa yaron nan," shi ke nan. Baba ne ya san wane yaro, wane gari, wace lambar akwati. Duk suna cikin littafin nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kabon. Ko wasiƙar layi uku ce sai ya sa takardar kabon ya fitar da kwafi. Na sha ce masa ɓarnar takarda ce. Sai ya ce, "Abu ɗaya a wuri ɗaya, ki ɗauka ba ki da shi." Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai.

A farkon damina ta shekarar da na cika ashirin da ɗaya, Baba ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Muka dawo da shi daga asibiti, aka ce a shimfiɗa masa inda iska ke shiga. Ni na gyara ɗakin. Akwatin katakon da yake ajiye littafin da wasiƙun mutane a ciki, wanda kullum yake bisa bulo huɗu, na sauke shi ƙasa na tura shi jikin bangon laka don gado ya samu wuri. Ban sake waiwayarsa ba sai bayan wata biyu.

Tsohuwar ce ta sa na buɗe shi. Shekara tara tana zuwa wajen Baba ana rubuta wa ɗanta guda ɗaya tilo, wanda ke aikin dako a tashar jiragen ruwa can kudu. Ba ta san sunan garin ba, "bakin ruwa" take cewa. Amsoshinsa ma a wajen Baba take barin su, don ɗakinta yoyo yake. Ran nan ta biyo gida da tambaya, ta zauna a tsakar gida ta ce mijinta ya kwanta, kuma bakinsa ba ya rabuwa da sunan yaron.

Na ɗaga murfin akwatin, sai ƙasa. Gara ta shiga ta ƙasa ta yi gini a ciki. Littafin na nan da jan bangonsa, amma da na taɓa shi sai ya zube a hannuna kamar dusa. Ambulan ko ɗaya bai tsira ba.

Na fito na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "To ɗiyata, yanzu ta ina za a bi?" Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na shiga wajen Baba na durƙusa na faɗa masa abin da na yi. Na zaci zai kau da kai. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu ya riƙa juya shi a iska, yana juyawa yana kallona. Na kawo ruwa, ya ƙi. Na kawo carbi, ya ture. Inna ce ta leƙo daga madafa ta ce, "Ke, ƙafar keke yake nuna miki. Je ki wajen amininsa."

Amininsa wani Bayarabe ne mai sayar da kayan keke a bakin kasuwa, ya fi shekara talatin a Funtuwa, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na san Baba kan biya shagonsa duk Juma'a bayan an sauko, amma na ɗauka hira ce da goro. Da na yi masa bayani sai ya yi salati, ya hau kan kujera, ya sauko da manyan gwangwanayen biskit guda biyar daga saman kanta.

"Ajiyar Malam ce," in ji shi. "Duk mako yake kawowa. Ya ce ko gobara ko ruwa ba za su ci gida biyu rana ɗaya ba. Ni ban taɓa buɗewa ba, sai dai in zuba barkono a gefe saboda kyankyaso."

Kwafin kabon ne, an ɗaure na kowace shekara da zaren buhu, kuma a saman kowace takarda ga cikakken adireshi. Nan cikin ƙamshin sabuwar taya na zauna ina atishawa ina bincike, har na kai ga na tsohuwar. Na samu adireshin. Na kuma tsaya na karanta wasiƙun, abin da bai kamata in yi ba, na yi mamakin laushinsu. Uwa mai haƙuri, mai addu'a, ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Washegari ta dawo. Ta ce ita ba za ta faɗi saƙonta ba sai a gaban Malam, haka ta saba. Na ɗauko tafireta na cire mata riga, na sa takarda biyu da kabon a tsakani, Baba na kallona daga gado. Tsohuwa ta gyara zama ta fara.

"Ki ce masa shi ɗan banza ne. Ki ce masa ruwan can ya wanke masa kunya. Ubansa na kwance yana kiransa, shi yana can yana cin kifi. In bai zo ba, kada ya ƙara cewa ni na haife shi."

Yatsuna suka tsaya. Wannan ba ita ce matar da na karanta jiya ba. Na dubi Baba, ya dube ni, ya lumshe ido sau ɗaya. Sai na gane aikin da ya yi shekara tara yana yi a gindin darbejiya. Na buga: ɗana, ina gaishe ka, ina kewarka dare da rana. Mahaifinka ba shi da lafiya, kai yake nema. Ka zo ko da kwana biyu ne, ba mai yi maka faɗa.

"Karanta mini," in ji ta.

Na karanta mata yadda na buga. Ta saurara har ƙarshe tana kallon ƙasa. Ta ja gefen mayafi ta share hanci ta ce, "Yawwa. Haka na ce."

Sauran damina na ƙarar da ita ina kwafe adireshi daga gwangwanaye zuwa sabon littafi, sannan na sake kwafe shi a wani na kai shagon.

Yaron ya zo ana fara ciran auduga, ya tarar da ubansa da rai, sun yi kwana goma sha ɗaya tare kafin tsohon ya rasu. Bayan an share makoki uwar ta kawo shi gaida Baba. Ƙato ne, har da furfura a gemu, ya durƙusa a bakin gado.

"Malam," ya ce, "na daɗe rabona da gida, kunya ce ta hana ni zuwa. Da ta taɓa zagina ko sau ɗaya a takarda, da ban iya haɗa ido da ita ba. Amma kullum sai addu'a."

Tsohuwa ta tsuke baki ta ce, "Ni da ma ba ni da faɗa."

Sai muka ji wani sauti daga gado. Na zabura, na zaci shaƙewa ya yi. Ashe dariya Baba yake da rabin bakinsa, hawaye na gangara cikin kunnensa. Tun ranar da ya faɗi, wannan ne karo na farko da muka ji muryarsa.