Ranar da Aka Yi wa Idon Saiti Aski

Shekara talatin da huɗu Saiti ya yi yana aski a shago ɗaya, mai kujera biyu, da babban madubi, da bencin masu jira. Laƙabin ma a sana'ar ya samo shi, don idan ya fitar wa mutum da layin goshi sai ka rantse da ma'auni ya ja. Shi kuma ba ya ɓoye alfahari. Yakan ce wa 'yan benci, "Almakashi kowa zai iya saya. Irin idona ne ba ku da shi." Yanzu idan yana ba da labari, nan yake tsayawa ya yi dariya, ya ce da ya san abin da ke tafe da ya rage baki.

Abin ya fara ne kamar tururi a kan madubi. Ya goge madubin har hannunsa ya gaji. Ya sauya ƙwan fitila sau biyu, ya yi wa mai gyaran wuta tas a gaban mutane. Da ido ya fara yi masa kamar an zuba yashi, ya ce gashin jama'a ne ke shiga. Da hasken rana ya fara soka masa ido, ya sayi baƙin tabarau ya ce gayu ne.

Matarsa ce ta fara gani. Wata safiya ta ce, "Malam, tsaya. Akwai wani fari-fari da ya ratsa baƙin idonka, kamar an ja alli."

Ya ce, "Ke dai tsufa ya kama ki. Ki je a duba naki."

Asirin ya tonu ne a kan surukinsa, mijin babbar 'yarsa. Mutumin ya zo aski ana gobe zai je ganawar neman aiki. Saiti ya yi masa, ya juya shi gaban madubi, ya ce, "Ya ka gani?" Suruki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya yi kyau, Baba." Layin ya fara daidai a dama, ya gangara hagu kamar hanyar da ruwa ya ci. Kunya ta sa bawan Allah ya kwana da hula.

Washegari 'yar ta iso shago tun kafin a share. "Baba, rufe. Asibitin ido za mu je."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Kan mijina."

Likitar mace ce, ba ta kai 'yar tasa shekaru ba. Ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska masa siririn haske. Ya tambaye ta ko yanar ido ce. Ta ce a'a, yana can ciki take. Ta bayyana masa cewa a gaban baƙin ido akwai tantani garai-garai kamar gilashi, shi ne haske ke fara ratsawa. Nasa, wani sinadari mai kama da alli ya taru a kai, ya taso daga gefe biyu har ya kusa haɗewa a tsakiya. Ta ce sau da yawa tsohon kumburin ido ne da aka bari yake jawo haka, wani lokaci kuma ƙoda, don haka sai an gwada jini. Ta tambaye shi ko idon ya taɓa yin ja ya daɗe.

Ya ce, "Kaɗan."

'Yar ta ce, "Shekara shida, likita. Duk maganin ɗigawar da wani ya ambata a benci sai ya saya."

Jini ya fito lafiya. Likita ta ce za su kashe zafin wurin, su ɗauke fatar sama, su jiƙa da maganin da ke narkar da allin, sannan su kankare a hankali.

Saiti ya ce, "Wato aski za ki yi mini."

"Kusan haka, Baba."

"Shekara nawa kina yi?"

"Tara."

Shi kuwa Saiti, a shekararsa ta tara da fara aski yana yanke kunnen mutane.

Ranar aikin, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daka wa manyan mutane tsawa su daina motsi, shi ne gadon ke rawa a ƙarƙashinsa. Sai da ma'aikaciyar jinya ta riƙe masa kai da hannu biyu tana lallashi. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Kwana ukun da suka biyo baya ne suka ba shi wuya, ido na zuba ruwa yana raɗaɗi. Shi ya ce hawayen magani ne. Matarsa ta ce ba ta taɓa jin maganin da ke kiran sunan uwarsa ba.

An yi na dama, bayan mako shida aka yi na hagu. Na dama ya washe. Na hagu ya bar ɗan dishi-dishi, likita kuma ta gaya masa gaskiya cewa allin yana iya dawowa, ya riƙa zuwa ana dubawa.

Ranar da ya sake buɗe shago benci ya cika. Wanda ya fara hawa kujera tsohon direban bas ne, abokinsa tun ƙuruciya. Saiti ya duba kan, ya ga askin wani, ya ce, "Lallai mai sabon shagon nan na layin baya ba laifi. Wata biyu kacal har ya gane kanka."

Wani a benci ya ƙyalƙyale. Direba ya sosa ƙeya.

"Wane wata biyu? Shekara biyu ke nan. Mu zo nan ka yi mana, mu zaga baya ya daidaita. Har suna ya sa wa abin, gyaran Saiti."

"Dukanku?"

Ba wanda ya ɗago.

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Da aska a hannunka, ba ka gani sosai? Kuma hirar nan ba a samunta a can."

Saiti ya ce a ransa ya so ya yi fushi, ya nemi inda zai ɗora shi ya rasa. Ya gama wa direba, ya ajiye almakashi, ya ce a jira shi. Ya zaga layin baya. Mai sabon shagon, magidanci mai ɗan tumbi, ya miƙe a tsorace da ganinsa. Saiti ya ba shi hannu ya yi godiya, ya ce ya ji an riƙe masa mutunci ba da saninsa ba. Sannan ya hau kujera ya ce a yi masa.

Askin ya yi kyau. Sai dai da sabon idonsa ya hango gashi uku da aka bari a bayan kunnen hagu. Ya yi wa kansa alkawarin ba zai ce komai ba, don mutumin ya yi masa halacci.

Kwana biyu ya iya daurewa. A na uku ya koma ya nuna masa.