Gidan Wasan da Aka Hana Yaya Bashir

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Bashir, kuma ba zan ɓoye muku ba, bana ba kuka ne ya sa na zauna rubutu ba. Haushi ne. Kwanan baya na bi ta hanyar Maska a kan acaɓa, na ga motoci jere a ƙofar tsohon siton mahaifinmu, an shafe shi da shuɗin fenti, an kafa allo. Na ce wa mai mashin ya ƙara wuta.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Bashir mai walda ne a nan Funtuwa. Aiki ya taɓa kai shi Abuja, inda suka haɗa ragar ƙarfe ta filin wani wasa da ake kira fadel. Kamar tanis yake, sai dai mutum huɗu ke yi a cikin keji na gilashi, ƙwallo ta daki bango ta dawo a ci gaba da bugu. Ya dawo gida ba shi da zance sai wannan. Siton audugar da Baba ya bari yana nan, ba mai shiga sai jemagu, ga tsawo ga faɗi. Rufin ne ya fi ɗaukar hankalinsa. Ya ce ruwa ba zai hana wasa ba, rana ba za ta hana ba, kuma mata za su zo su yi guminsu ba idon kowa. "Saude, ranakun mata naki ne," in ji shi, "ke dai ki rage wa mutane baki." Ya ɗaura igiya a tsakiyar siton ya koya mini, har na fara cinye shi.

Ofishin masu ba da izinin gini ba su kore shi ba. Cewa suka yi tunda sito zai koma wurin taruwar jama'a, ya kawo zane, ya nuna ƙofar fita in gobara ta tashi da inda motoci za su tsaya, sannan maƙwabta su amince. Ya kawo duka, saura maƙwabta. A nan aka yi ɓarin. A zauren mai unguwa aka ce ya faɗi abin da zai buɗe, shi kuma da zuciya ɗaya ya ce, "Gidan wasa ne, ranka ya daɗe. Maza da ranarsu, mata da ranarsu."

Kun dai san abin da gidan wasa ke nufi a kunnen dattijon garinmu. Malam Ɗanjuma da ke bayan siton ya miƙe yana karkaɗe riga. "Gala za a kawo mana? Har da ranar mata? Ni da gidana cike da 'yan mata?" Yaya ya zaro waya zai nuna musu yadda ake wasan. Bidiyon da ya faɗo a kai, turawa ne mata da gajeren wando. Taro ya watse.

Ya yi ta bin su gida-gida har damina ta zagayo. Na ce ya bar ni da su, ya ce in na je ko siton ma sai sun ce a rushe. Maganar tana nan inda take ya yi hatsari a hanyar Malumfashi, yana dawowa daga kafa wa wani ƙofa. Bayan arba'in baffanninmu suka ce a sayar da siton a raba. Wanda ya saya shi ne Kabiru, abokin Yaya tun firamare, ɗan wani babban dillalin taki. Kabirun da ke zama a kan benci a shagon walda yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa, "Bash, mutumin da ya wuni a gona ne zai biya ka don ya yi gumi?"

Shi Kabiru bai ce gidan wasa ba. Cibiyar motsa jiki ya ce. Ya tafi zauren da wani likita abokinsa, aka yi bayani a kan hawan jini da ciwon suga, dattawa suka yi ta gyaɗa kai, don yawancinsu da ƙwayar magani a aljihu suka zo. Kafin a cire masara izini ya fito. Sito ɗaya, wasa ɗaya, maƙwabta su ɗin dai. An ce Malam Ɗanjuma ne ya yi addu'ar buɗewa.

Malamai, ba sai kun aiko mini da nasiha ba, na san sunan abin da ke cina. Ƙyashi ne. Ina ƙyashin motocin nan. Ina ƙyashin samarin da ke fitowa da tawul a wuya suna cewa Kabiru ya kawo wa garin nan ci gaba. In na ji an ce "yaron akwai kai" sai abinci ya fita raina. Ban ce ya yi sata ba, da kuɗinsu ya saya, ta ƙofa ya bi. Amma ko sau ɗaya ban ji an ce ya ambaci wanda ya fara kawo maganar ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye, kuma amsar ce ke ƙara tunzura ni. Shi zai fara shiga. Zai zagaya yana girgiza ragar, ya ce mai waldar nan ya yi ha'inci a kusurwa, sannan ya rungume Kabiru ya ce a ba shi abin bugu. Haka yake. Ni ban gado wannan ba, kuma ban yi alkawarin koyo ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce sai ga Kabiru ya zo gaishe da Umma. Ashe ranakun mata sun tsaya cak, don magidanta sun ce ba namijin da zai koya wa matansu, kuma kaf garin bai samu macen da ta iya ba. "Saude, ƙanwata, ki zo ki riƙe mana Asabar da Talata," ya ce. Na ce sai in sunan Bashir zai hau allon. Ya sosa ƙeya, ya ce sunan da ke kan izini ba ya canzuwa sai an koma ofis an sake sabon lale, "kuma ke kin fi kowa sanin wahalar." Na buɗe baki ke nan Umma ta riga ni. "Allon ne zai kai masa lada? Matan nan da ya so su samu wuri, ke za ki tsare musu ƙofa?"

Na kwana biyu ina juya maganar. Siton ya tafi, shagon walda wani ke ciki, allon ba namu ba ne. Abin da ya rage na Yaya a garin nan wanda ba a sayar ba, wato wasan da ya koya mini, a hannuna yake, kuma in na zauna a gida don haushin Kabiru, da ni zai ruɓe.

Don haka zan je ranar Asabar. Ban ce na huce ba. Duk matar da ta shigo sai ta ji sunan Bashir mai walda kafin ta taɓa ƙwallo, in bai yi wa mai wurin daɗi ba ya nemo wata.

Allah ya jiƙan Yaya Bashir, ya haskaka makwancinsa. Kabiru kuma Allah ya ba shi kasuwa. Wannan ta ƙarshen Umma ce ta ce in rubuta.