Tsagar Baƙuwata daga Bawku

Man kaɗanya ne sana'ata, shi na buɗe ido na tarar uwata tana yi a Salaga. Sai dai namu yana da aibi: ya ɗan jima a roba sai ya fara wari, masu saye daga Kumasi su sansana, su yamutsa fuska, su wuce. Ni kuwa na tsani a yamutsa mini fuska, ko da ni ce ba ni da gaskiya.

Shekarun baya wata ƙungiya ta tara mu a Yendi, mata masu ƙananan sana'o'i, aka ce kowace ta koya wa 'yar'uwarta abin da ta iya. Mu na Salaga mu nuna yadda ake shanya doya a yi gari, na Bawku su nuna mana man da ba ya wari. Aka haɗa ni da wata doguwar mata daga wani ƙauye kusa da Bawku, mai tsaga a kumatu, Hausarta ta kasuwa, mace da namiji duk "ka" da "shi" take ce musu. Ranar farko muka yi cacar baki kan wadda za ta kwanta ƙarƙashin fanka. Kafin a watse kuwa a kwano ɗaya muke cin tuwo.

Ni na fara zuwa garinsu. Matar nan ta bar mini ɗakinta ta koma na 'ya'yanta. Ita coci take zuwa, amma ta sayo mini sabuwar buta, ta kira maƙwabcinsu Musulmi ya yanka zabo don in ci hankali kwance. Na dawo gida ina ta cika baki cewa bari ta zo Salaga ta ga yadda ake saukar baƙo.

Don mu wannan ne abin tinƙahonmu. Kakannina masu masauki ne tun zamanin fataken goro. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce babba a gidan, ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma da ta ji baƙuwa na tafe ita da kanta ta sa aka share ɗakin da ya fi sanyi, aka daka sakwara. Matan ƙungiyarmu kuma sun tara ƙwarar kaɗanya buhu-buhu suna jiran malamarsu.

Ta iso da rana. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, Gwaggo ta ce baƙuwa ta matso ta gan ta da kyau. Ta matso ta durƙusa. Gwaggo ta sa yatsu tana bin tsagar fuskarta, sai fuskarta ta cika da fara'a.

"Ayya, 'yata, ai na san irinku. Kakanmu ya mallaki bayi da yawa masu wannan tsagar. Ga aiki, ga amana, ko ɗaya bai taɓa gudu ba. An ce a kasuwa ma kun fi kowa tsada."

Wallahi yabo take yi. Ta ci gaba da cewa akwai wata tsohuwa cikinsu da ta ƙi tafiya bayan an 'yanta su, ita ta yi renonta, ita ke yi mata wanka, har yau tana kewarta. Ni dai ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. A gidanmu ba a katse babba, balle a gaban baƙo, don haka na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Baƙuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gode, ta tashi ta shiga ɗaki.

Na tabbata tafiya za ta yi. Da ni ce aka yi wa haka, ina! Ko takalmi ba zan tsaya nema ba. Mai ya yi ta warinsa, ba shi ne damuwata ba a lokacin. Ita nake tsoron rasawa.

Da gari ya waye na tarar ta ɗaura zani a ƙugu tana hura wuta. Ta koya mana a dafa ƙwara da zarar an tsinto, kada a bar ta ta kwana a jibge. A shanya a kan gadon kara, ba a ƙasa ba. A tsince baƙaƙen a zubar, ko da zuciya tana ƙyashi. Tana yi tana tsokanar mata, suna ta dariya. Kullum da safe sai ta je ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo, ita kuma ta sa mata albarka, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Sau da yawa na buɗe baki in ba ta haƙuri, sai ta ce in ƙara itace, wuta na mutuwa.

Ranar komawarta na raka ta tasha. Mota na lodi, ta riƙe hannuna, ta ce a gidansu har yau in an taru ana ambaton wata yarinya, ƙanwar kakan mahaifinta, da mahaya suka ɗauke a bakin rafi. An ce kudu aka yi da ita, wajen Salaga.

"'Yar'uwa, ban yi fushi da tsohuwa ba. Ka tambaye shi sunan matar nan da ya yi masa wanka. Sunan gida, wanda uwansa ya ba shi. In ka samu, ka kira ni."

Ina komawa na zauna kusa da Gwaggo na tambaye ta. Ta ji daɗin tambayar. Ta faɗi yadda tsohuwar ke goya ta, da waƙar da take yi mata da wani yare da ba wanda ke ji a gidan. Ta faɗi sunan da ake kiran ta da shi, na ce ba wannan ba, wanda ta zo da shi. Gwaggo ta juyo da idanunta wajena.

"Ashe tana da wani suna?"

Gwaggo ta rasu bara. Manmu yanzu ba ya wari, har Tamale ake zuwa saye. Ƙawata takan kira ni a waya, mu yi hirar damina da jikoki, ta tsokane ni, in rama. Kafin ta kashe sai ta ɗan yi jim, ba ta tambayar sunan. Ni kuma in ce ta gaida mutanen gida.