Shaidar da Na Bayar Ban Gani Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Yake jin abin da harshe ya furta, Yake kuma sanin abin da ya sa aka furta shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, mai gaskiya abin gaskatawa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Na zo Kuala Lumpur da furfura a gemuna, domin in kammala wani bincike a kan tsofaffin littattafan fiƙihu da aka rubuta da hannu. Ni da mai ɗakina muka sauka a hawa na tara na wani bene a Pantai Dalam, kusa da jami'a. Kafin mu taso daga gida, wani aminina, Alhaji mai fataucin fata, wanda muka yi karatun zaure tare tun muna samari, ya kama hannuna a ƙofar gidansa ya ce: "Malam, ɗana yana can yana karatun injiniya. Idonka idona ne. Abin da ka faɗa mini a kansa, shi zan ɗauka." Na amsa masa da sauƙi, kamar wanda aka ba ajiyar buta.

Saurayin ɗan shekara ashirin da biyu ne, mai ƙarancin magana. Da farko yakan zo gaishe mu, daga baya ƙafarsa ta ɗauke. Wata Juma'a bayan an sauko, ɗalibai biyu 'yan ƙasarmu suka ja ni gefe. Suka ce suna ganinsa a Bukit Bintang, unguwar kantuna da wuraren shaƙatawa, tare da wasu mutane masu rinannen gashi a miƙe kamar zankon zakara, da riguna masu ƙusoshi. Ɗayansu ya miƙo mini wata 'yar mujalla da aka buga da injin hoto, an haɗe ta da ƙarfen maƙale takarda, da zanen ƙoƙon kan mutum a bangonta. Ya nuna mini sunan saurayin a ƙarƙashin rubuce-rubuce da yawa. Ya ce sharhi yake yi a kan kiɗan da suke kira pank da rok da ska, yana kuma hira da makaɗan.

Ban karanta ko layi ɗaya ba. Hotunan na duba, na rufe. A ran nan da la'asar saƙon Alhaji ya shigo yana tambayar lafiyar yaro, sai na danna waya na yi masa magana ta minti huɗu. Na ce ɗansa ya faɗa cikin makaɗa, wannan gaskiya ne. Sannan na ce ya bar salla, ya shiga sahun mashaya. Wannan ba wanda ya faɗa mini, har ɗaliban nan biyu. Ni ne na kalli gashi da ƙusoshi, na cike sauran da kaina. Abin da ya fi ba ni tsoro a yau shi ne yadda maganar ta fito mini a tsare, da daɗin ji, kamar ina ba da karatu.

Washegari amsa ta zo. Alhaji ya tara iyalinsa a tsakar gida, ya kunna musu muryata, ya rantse cewa shi ba shi da wannan ɗa, kuma duk wanda ya ɗauki wayarsa ya bar masa gida, har uwar da ta haife shi.

Bayan kwana uku saurayin ya zo. Bai cire takalmi ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Baba Malam, a ina ka gan ni ina sha?"

"Ni kake tuhuma?" na ce. "Ni sa'anka ne?"

"Ba tuhuma nake ba. Umma ba ta ɗaukar wayata. Ranar kawai nake so ka faɗa mini, da wurin."

Na ce masa ya je ya gyara tsakaninsa da Ubangijinsa. Ya dube ni, ya juya. Daga nan lambarsa ta daina shiga.

Tambayar ce ta ƙi barina. Ranar, da wurin. Shekara talatin ina karantar da babin shaida, kuma da waɗannan biyun nake fara wa ɗalibai. Wata rana da hantsi, ruwa yana zuba irin na garin nan da ba ya barin kowa ya fita, na ɗauko mujallar da ƙamus, domin Turancina na lallaɓawa ne. Na yi nufin in samo hujjar da za ta wanke ni.

Ga abin da na samu. A kan wani kaset na samari uku daga wani garin bakin teku, ya rubuta cewa ya saurare shi sau goma sha ɗaya a cikin jirgin ƙasa kafin ya ɗauki alƙalami, cewa mai ganga yana gudu kamar an biyo shi, kuma waƙa ta huɗu, wadda take magana a kan benen da aka rushe a unguwarsu, ita kaɗai ta isa dalilin neman kaset ɗin. A kan wani faifan ya ce sau ɗaya ya ji shi, saboda haka ba zai ce komai ba sai fitowa ta gaba. A shafin farko kuwa, da manyan haruffa, akwai neman gafara. A fitowar baya ya rubuta cewa mai busa ƙaho na wata ƙungiyar ska malalaci ne, ba ya bita. Daga baya ya je hira da shi, ya tarar mutumin kai saƙo yake yi a kan babur, kuma ya faɗi ya fasa leɓe mako guda kafin su naɗi faifan, da ɗinki a bakinsa ya busa. Saurayin ya rubuta: na faɗi abin da ban bincika ba, laifin nawa ne.

Na ajiye takardar. Kada mai karatu ya zaci na sauya ra'ayi a kan kiɗan. Ina nan a kan abin da malamaina suka ɗora ni, kuma da an tambaye ni yau zan ce ya fi masa ya bari. Amma ana kama mutum da abin da ya aikata ne, ba da abin da aka ƙaga masa ba. Mai sharhin kaset ya kiyaye haƙƙin mai busa ƙaho, ni kuma ban kiyaye haƙƙin ɗan aminina ba.

Na tafi kwalejinsu, aka ce ya yi makonni bai shiga aji ba. Na je masaukinsa, abokan zamansa suka ce ya kwashe kaya. Na dinga bin shagunan mamak, wato wuraren shan shayi na Indiyawa Musulmi, ina nuna hotonsa, har wani ya ɗauka ɗan sanda ne ni. A ƙarshe bangon bayan mujallar na duba, inda aka rubuta shagon da ake samunta. Ranar Asabar bayan azahar na hau jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya zuwa Bukit Bintang, cikin babbar riga, na ratsa bayan manyan kantuna har na sami wata matsattsiyar matakala da aka lulluɓe bangonta da takardun liƙi.

Mai shagon Bamalaye ne, wato ɗan asalin ƙasar, zai kai shekara hamsin, da hudar ɗan kunne da ta toshe. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya yi dariya.

"Ustaz, faifai ka zo saya, ko mu ka zo shiryarwa?"

Na ce tambaya na zo yi, kuma ina roƙonsa kada ya faɗi sai abin da ya gani da idonsa. Na nuna hoton. Na ce ko ya taɓa ganinsa yana shan giya.

"Wannan? Shayin madara ne giyarsa. Shi ne mai katse hira a tsakiya idan la'asar ta yi, makaɗa su zauna suna jiransa. Har ba'a suke masa, wai limamin pank." Ya ja wani kwali na faifai, ga darduma a naɗe a bayansa. "Tawa ce, amma shi ya fi ni amfani da ita, Allah Ya yafe mini. A nan yake kwana yanzu. Kai ne baban da ya kore shi?"

Na ce a'a, ni ne wanda ya sa aka kore shi.

Ana wasan kiɗa a ɗakin sama a lokacin. Na hau da yatsu a kunnuwana, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Na hango saurayin jikin bango da ɗan littafi yana rubutu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kama hannunsa muka sauko matakala. A nan, tsakanin hawa biyu, na gaya masa na yi masa ƙarya, na roƙe shi gafara.

"Ni na yafe, Baba Malam," ya ce. "Amma ai ba ni ne matsalar ba. Muryarka tana cikin wayar kowa a gidanmu. An ce har ƙanwata ta haddace ta."

Nan take na kira Alhaji. Na ce masa na yi shaidar zur, na faɗi abin da na gani yau da wanda ya gaya mini, na ce rantsuwa tana da kaffara, kuma ni zan ɗauke masa ita. Ya saurara har na gama.

"Malam, yanzu wacce zan ɗauka?"

"Ta yanzu, Alhaji. Ita ce na bincika."

"Ta farko ka faɗe ta ba wanda ya roƙe ka. Ta yanzu kuwa yaro yana gabanka, na san zuciyarka da taushi. Su wa ye ma shaidun naka? Mai sayar da faifai?"

"Wallahi ƙarya na yi a ta farko."

"To idan ka iya ƙarya a waccan, me zai hana ka yi a wannan? Shekara arba'in ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Ba zan fara yarda yau cewa ka yi ba."

Ya kashe wayar. Na tsaya da ita a kunne. Na sani sarai, daga littattafan da na karantar, cewa wanda ya janye shaidarsa ya raunana maganarsa duka, ta baya da ta gaba. Ban taɓa tunanin yadda abin yake ga mai janyewar ba, idan gaskiyarsa tana cikin ta biyun.

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Na rubuta wasiƙu. Na aika limamin unguwarsu, aka karɓe shi da girmamawa aka sallame shi. Na fassara shafin neman gafarar nan zuwa Hausa na tura, ban san ko an karanta ba. Bincikena ya ƙare, amma na nemi ƙarin lokaci, domin na kasa barin saurayin a garin nan shi kaɗai, na kuma kasa zuwa in tsaya a ƙofar gidan da uwarsa take ciki. Da ƙyar na shawo kansa ya koma aji. Na daina karɓar tambayar kowa a kan ɗan kowa. Iyaye suna kira daga gida, in ce musu su kira 'ya'yansu.

Alhaji yana fama da ciwon sukari, an ce ƙafarsa ta dama ta fara baƙi. Duk mako ina kiransa. Wani lokaci ya ɗauka, mu gaisa, ya tambayi ruwan sama da lafiyar mai ɗakina. Da zarar na ce "batun yaron nan", sai ya yi mini sallama. Tsorona kada Allah Ya karɓi ransa yana kan rantsuwar, saurayin ya rayu ba albarkar uba, a kan abin da bai aikata ba, ni kuma in tashi ranar hisabi da su biyun a wuyana.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa mu cikin addu'a, ko Allah Zai sassauta zuciyar Alhaji tun da sauran lokaci. Kai kuma, Allah Ya tsare harshenka daga abin da idonka bai gani ba, Ya haɗa kanka da 'ya'yanka, Ya sanya albarka da rufin asiri a gidanka da duk wanda yake cikinsa. Amin.