Kwafi Ɗaya Tak na Baba Mai Haruffa

Shekara talatin da bakwai ke nan Baba Mai Haruffa yana riga kowa buɗe maɗaba'a. Sai ya goge tabaransa da bakin riga, ya kakkaɓe tebur, ya zauna gaban kwamfutar da har gobe yake kira baƙuwa, don shi da haruffan dalma ya koyi aiki. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Duk wanda ya kai masa aiki ya sha karatu. A wurinsa haruffa iri biyu ne: masu takalmi, wato masu 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane zane, da marasa takalmi, waɗanda aka yanke sumul. "Littafi doguwar tafiya ce, sai da takalmi," in ji shi. "Marasa takalmi na allon bakin titi ne, a gani a wuce." Marubuta nawa suka ja da shi suka gaji. Taurin kai kam, Allah ya hore masa.

Da ya buga littafina na farko, na kai wa mahaifina, tsohon malamin makaranta, wanda ya koya min karatu. Idonsa ya yi rauni. Ya kawo littafin dab da hancinsa, ya juya, ya ajiye. Siraran layukan duk sun narke masa. Na ce bari in karanta masa, ya ce ya fi so ya gani da idonsa. Da kuka na bar gidan.

Ban roƙi Baba Mai Haruffa komai ba, labari kawai na ba shi. Sai ya ce, "'Yata, ki dawo bayan sati biyu."

Na koma na tarar da kwafi ɗaya tak, mai kauri kamar bulo, tun daga farko har ƙarshe da manyan haruffa marasa takalmi. "Kar ki faɗa wa kowa," in ji shi, "sai mutuncina ya zube."

To Baba, ka yafe ni, yau na tona. Kai ne ka karya dokarka saboda tsohon da ba ka taɓa gani ba. Wata biyu mahaifina ya yi yana bin layi da yatsa, sannan ya kira ni ya ce, "Na gama, babu wanda ya karanta min."

Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, kafin ku zaɓi harafi ku fara tambaya idon wa zai karanta.