Buhu Mai Hula

A shekarun da na yi ina kula da sito na wani babban mai sarin hatsi, a wata kasuwa tsakanin Funtua da Malumfashi, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar rigimar buhu mai hula. Buhu ne da ake cika shi da masara har ta yi tozo, sannan a yanko wani buhun a ɗinke masa a baki. Masu sari suna son sa, domin kuɗin mota da na dako a kan buhu ake yin su, ba a kan nauyi ba. Ɗan dako kuwa shi ke ɗora shi a baya, ya taka katako mai lilo zuwa cikin tirela, ladansa yana nan yadda yake.

Shugaban 'yan dakon wani dattijo ne mutumin Maska, kowa Baba yake kiransa. A wata kaka, bayan mutanensa biyu sun kwanta da ciwon baya, ya kai kuka ƙaramar hukuma a hana hular. Aka kafa kwamiti, aka sa ranar zama.

Maigidana, Alhaji, shi ne shugaban ƙungiyar masu sari. Kafin ranar zaman ya sa ni a mota muka bi gidajen 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwa muka je, in ji shi. Ban ga an miƙa wa kowa komai ba. Ana shan shayi ne, a taɓo takin zamani da ƙungiya za ta kawo da damina, da wanda zai samu rabo, sannan Alhaji ya dube ni, ni kuma in yi bayani irin na wanda ya je jami'a: in aka hana hula a nan, masu saye daga kudu za su koma kasuwar da ba a hana ba, haraji ya ragu. Maganar gaskiya ce, har yau ban janye ta ba. Abin da ya dame ni a hanyar komawa shi ne, Baba ba shi da motar da zai bi gidajen nan, kuma babu wanda zai dafa masa shayi.

Ana jibi zama, Alhaji ya sa aka kira shi bakin sito.

"Baba, ni da kai ba mu taɓa samun saɓani ba," in ji Alhaji. "Amma in ka tashi ka yi magana a zaman nan, motar ƙungiya ba za ta ƙara tsayawa gaban mutanenka ba. Akwai majiya ƙarfi a Funtua, suna zaune."

Baba ya yi dariya, ya sosa gemu. "Alhaji, ranka ya daɗe, kai hularka ta zanna ce, ba ta da nauyi. Ta buhunka ce ke karya mu."

"Wasa kake yi da ni?"

"Wane ni. Malam ga shi nan, ya san wanda ya faɗo daga katako."

Na sani. Ni na sa aka kai mutumin asibiti a keke napep. Alhaji ya juyo ya dube ni, na ce masa haka ne, an yi. Sai ya shiga mota.

Ranar zama ɗakin ya cika. Masu sari a kan kujeru, 'yan dako a tsaye jikin bango, wasunsu da ƙurar masara a gashi. Na yi bayanina kamar yadda na saba. Shugaban kwamiti ya tambaya ko akwai mai magana daga ɓangaren masu ƙorafi, yana tambayar yana tattara takardunsa. Na ga mutanen Baba sun sunkuyar da kai, domin labarin abin da Alhaji ya faɗa ya kai gare su, kuma kaka ce, lokacin da ɗan dako ke samun abin da zai riƙe gidansa har shekara. A raina na yi fatan kada Baba ya tashi, kuma na yi fatan ya tashi.

Ya tashi. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce ba ƙarin lada suke nema ba, a bar buhu yadda kamfani ya ɗinka shi, domin mutum ya yi dako har ya aurar da 'ya'yansa yana tafiya a miƙe. Shugaban kwamiti ya gode masa, ya ce za a ƙara nazari. Ba a sake zama ba.

Ranar kasuwa ta gaba, motar 'yan dakon Funtua ta iso tun kafin a buɗe sito. Mutanen Baba suna zaune a gindin bango suna kallo. Na sami Alhaji na roƙe shi, na ce waɗannan sun san sitonmu, baƙin za su ɓata mana lokaci. Ya ce su dawo, amma ban da dattijon.

Ni aka aika in faɗa. Baba ya saurare ni har na gama. Wani daga cikinsu ya ce in ba da Baba ba, babu mai tashi.

"Kai, rufe mana baki," in ji Baba. "Me za ka kai wa iyalinka, fushi? Ku tashi. Ku riƙa ɗaga wa juna, kada wanda ya ɗauka shi kaɗai."

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba sa duban sa. Ya naɗe tsumman da yake sawa a kafaɗa, ya ce mini, "Malam, a gyara katakon nan, ya fara tsagewa." Sannan ya tare babur mai zuwa Maska.